Faranti Mai Gurabe 96 Na Dunƙula Ƙwayoyin Sankara: Yadda Ya Yi Mana Aiki a Gombe

Katan ɗin ya iso hannunmu a watan Nuwamba, daidai lokacin da hunturu ya fara sauka a Gombe, bayan ya shafe makonni tsakanin shagon dillalin da ke Legas da tashar mota. A cikinsa akwai farantai na roba mai haske, kowanne a cikin ledarsa a like, kowanne da gurabe 96 a jere kamar gidan dara, layi 8 ta wannan gefe, 12 ta wancan. Wanda bai san aikin ba zai ce ai irin farantin da ke kowane ɗakin gwaje-gwaje ne, domin a ido babu abin da ya raba su, alhali kuɗin guda ɗaya ya ninka na farantin yau da kullum sau da dama. Abokan aiki na nan Gombe da na Bauchi sun sha tambayata ko ya dace su ma su zuba kuɗin tallafin bincikensu a kan irin wannan kaya, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ni da ɗalibaina muka gani bayan shekara guda muna aiki da shi. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera farantan ba, ko na dillalin, saboda kamfanoni da yawa suna yin irinsu, kuma yawancin abin da zan faɗa ya shafi nau'in farantin ne gaba ɗaya.

Abubuwa biyu ne suka bambanta shi da saura. Ƙasan kowane gurbi a lanƙwashe yake kamar cikin ƙoƙo, ta yadda duk abin da aka zuba zai gangara ya taru a tsakiya, sannan an shafe cikinsa da wani siririn sinadari mai son ruwa wanda ke hana furotin da ƙwayoyin halitta manne wa robar. Ƙwayar sankarar da ke fitowa daga nono ko hanta ko hanji ɗabi'arta ce ta nemi abin da za ta kama, to idan ta rasa ƙasa sai ta kama 'yar'uwarta, kuma cikin kwana biyu zuwa huɗu ƙwayoyin da aka zuba a warwatse sukan haɗu su zama dunƙule guda ɗaya a tsakiyar gurbin.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ma'aunin da za a auna farantin da shi. Tun shekarar 1951, lokacin da George Gey ya yi nasarar rainon ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da aka ɗauka daga jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, waɗanda aka sani da HeLa, yawancin gwajin magungunan sankara a kan shimfiɗaɗɗen faranti ake yin sa. Ƙwayoyin sukan baje a kan roba kamar shanyar barkono a kan tabarma, kowace tana samun abinci da iskar oksijin daidai da 'yar'uwarta, kuma idan aka zuba magani kowace tana shan rabonta a lokaci guda. Ƙarin sankarar da ke jikin mutum kuwa ya fi kama da curin fura da aka jefa a ruwa, bayansa ya jiƙe alhali tsakiyarsa ruwan bai kai ba. Tun a 1955 Thomlinson da Gray suka lura a cikin ƙarin huhu cewa ƙwayoyin da suka yi nisa da jijiyar jini da kamar maikiromita 150 sukan mutu saboda ƙarancin oksijin, kuma a 1971 Robert Sutherland da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa za a iya kwaikwayon wannan yanayi a ɗakin gwaji ta hanyar rainon ƙwayoyi a dunƙule. Idan dunƙulen ya kai faɗin maikiromita 400 zuwa 500, wato kusan rabin milimita, sai ya kasu hawa uku: na waje suna rarrabuwa suna ƙaruwa, na tsakani suna raye amma sun daina rarrabuwa, na can ciki kuma sun mutu. Tun da yawancin magungunan sankara da aka saba amfani da su a asibiti ƙwayar da ke rarrabuwa suke fi kashewa, waɗannan na tsakani da suka yi lamo sukan tsira, ga kuma wahalar da maganin ke sha kafin ya ratsa ya isa gare su. Wannan na daga cikin dalilan da ake kawowa kan yadda kusan 9 cikin 10 na magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutane ba sa kai wa kasuwa, duk da sun yi abin a zo a gani a kan roba.

Aikin da muke yi a ɗakinmu bai wuce na sauran sassan ilimin magunguna na jami'o'in Arewa ba. Ɗalibai sukan samo ganye ko sassaƙe ko saiwa daga wurin masu maganin gargajiya, irin su sabara da marke da maɗaci da gwandar daji, su shanya, su daka, su tatso sinadaran da ke ciki, sannan mu gwada a kan ƙwayoyin sankara. Cikin ƙwayoyin sankarar da ake raino a ɗakin gwaji muna da MCF-7, wadda ta samo asali daga wata mai sankarar nono a birnin Detroit a 1970, da HepG2 ta hanta, wadda muke ba muhimmanci saboda yawan ciwon hanta nau'in B a yankinmu da kuma gubar afulatoksin da ke kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba.

A kan babban alkawarinsa, farantin bai ba mu kunya ba. Mun zuba ƙwayoyin MCF-7 kimanin 2,000 a kowane gurbi cikin ruwan raino (ruwan da ke ɗauke da abincinsu) maikirolita 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na mililita, muka saka a inkubeta, akwatin da ke riƙe su da ɗumi, a kan digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100, kuma a rana ta uku da muka ɗora farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ga dunƙule ɗaya a kowane gurbi, zagayayye, a tsakiya, girmansu kusan ɗaya tun daga gurbin farko har na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa gwada hanyar ɗigon rataye, inda ake jera ɗigon ruwa a cikin murfin faranti a kife shi, ya san darajar wannan, domin a can motsi kaɗan ya isa ya haɗe ɗigo biyu ko ya zubar da aikin mako guda. Daidaiton girman shi ne ainihin abin da mutum yake saye da kuɗinsa, saboda idan dunƙule ɗaya ya fi wani girma tun kafin a zuba magani, to bambancin da za a gani daga baya ba za a san ko na maganin ba ne ko na girman. HepG2 ta ɗan fi jinkiri, kuma gefenta bai kai na MCF-7 santsi ba a kwanakin farko, amma ita ma ta dunƙule. Haka kuma robar tana da haske sosai, har da madubinmu mai sauƙi da kyamarar wayar hannu da muka ɗaura a bakinsa mun samu hotunan da suka isa a auna faɗin dunƙule da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da muka kwatanta sakamakon faranti biyu. Wani ɗalibina na digiri na biyu yana da wani tataccen sassaƙe da ya share ƙwayoyin MCF-7 a kan shimfiɗaɗɗen faranti, har ya fara tunanin taken takardar da zai buga. Da muka zuba awo iri ɗaya a kan dunƙule, sai ya ɗan zaizaye gefe kawai, bayan kwana uku tsakiyar tana nan daram, kuma da muka wanke maganin muka zuba sabon ruwan raino sai dunƙulen ya ci gaba da girma. Ya dube ni ya ce, "Malam, anya ba farantin ne ya lalace ba?" Sai na nuna masa layin doksorubisin, maganin asibiti da muke sakawa domin kwatance. Shi wannan magani ja ne, kuma yana ƙyalli a ƙarƙashin madubi mai hasken musamman, shi ya sa aka daɗe da sanin cewa yakan taru a hawan waje na dunƙule ya daɗe bai kai ciki ba, kuma a farantinmu ma sai da aka ƙara masa ƙarfi sosai kafin ya yi abin da yake yi cikin sauƙi a kan shimfiɗa. Farantin lafiyarsa ƙalau. A ganina wannan ne babban amfaninsa a wuri irin namu, inda ba a jima ba sai a ji an sanar a rediyo cewa an gano maganin sankara a jikin wani ganye, alhali iyakar abin da aka yi shi ne zuba tataccen ganyen a kan ƙwayoyin da ke baje a roba, waɗanda ko ruwan sabulu aka zuba musu mutuwa za su yi. A Najeriya, ƙasar da hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 125,000 sun kamu da cutar a 2020, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu, irin wannan sanarwa tana iya sa mai ƙari a nono ta ƙara watanni a gida tana shan jiƙo.

Sai dai akwai inda farantin ya ba mu wahala, kuma takardar da ta zo da shi ba ta yi maganar ko ɗaya ba.

Na farko shi ne sauya ruwan raino. Tun da dunƙulen bai manne da komai ba, yana zaune ne kawai a ƙasan gurbi kamar ƙwayar gero a cikin ƙoƙon ruwa, kuma idan bakin fifet, wato bututun da ake zuƙar ruwa da shi, ya kusance shi sai ya bi ruwan ya tafi. A makonnin farko ɗalibai sun zuƙe dunƙule da yawa ba su sani ba, sai an dawo madubi a tarar da gurbi wayam. Dabarar da muka tsaya a kanta ita ce a karkata farantin kaɗan, a jingina bakin fifet da bangon gurbi, a ɗebe rabin ruwan kawai a hankali, a mayar da sabon rabi, wanda ke nufin dole a shirya maganin da ninkin ƙarfin da ake so ya kasance a ƙarshe. Wannan lissafi ne mai sauƙi, amma an manta da shi sau ɗaya, kuma faranti guda ya tafi a banza.

Na biyu kuwa laifin yanayinmu ne fiye da na farantin. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar Gombe a bushe take ƙarau, kuma duk buɗe ƙofar inkubeta da aka yi, laimar da ke ciki takan fice ta daɗe ba ta dawo ba. Gwajin dunƙule yakan ɗauki kwana 7 zuwa 10, ba kamar na shimfiɗa da ake gamawa cikin kwana 2 ko 3 ba, don haka guraben da ke gefe sukan ƙafe a hankali, gishirin ruwan ya ƙaru, maganin ya ƙara ƙarfi, dunƙulen ya tsuke. Maganin abin shi ne a cika guraben gefe da tsabtataccen ruwan gishiri a yi aiki da na ciki kaɗai. To guraben gefe 36 ne, saura 60. Mai saye ya kamata ya yi lissafinsa a kan 60, domin ya biya kuɗin shafi mai tsada a kan gurabe 36 da ba za su ɗauki komai ba sai ruwa. Wajibi ne kuma a riƙa duba tiren ruwan da ke ƙasan inkubeta kullum a wannan lokaci.

Na uku ya fi damuna ta fuskar ilimi. Binciken da Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta suka yi a kan matan Najeriya da Senegal ya nuna cewa kaso mai yawa na sankarar nono a Afirka ta Yamma irin wadda ba ta da makamar homon ce (wurin da homon ke kamawa a jikin ƙwaya), wato nau'in da ya fi zafi kuma magungunan homon irin su tamoksifen ba sa yi masa aiki. MCF-7 kuwa tana da makamar homon ɗin mata na istirojin, saboda haka ba ita ce ta fi wakiltar matan da ke zuwa asibitocinmu ba. Wadda ta fi kusa da su ita ce MDA-MB-231, kuma da muka samo ta daga wasu abokan aiki sai ta ƙi dunƙulewa. Ba ta da furotin E-kadherin, wanda shi ne ɗankon da ke riƙe ƙwayoyi da juna, don haka sai ta taru sako-sako kamar dambun da bai ji ruwa ba, da an taɓa ta watse. Hanyar da aka sani ita ce a ƙara Matrigel kimanin kashi 2.5 cikin 100 a ruwan raino. Shi wannan abu daga wani ƙarin ɓera ake tatso shi, ana ajiye shi a daskare, ruwa ne a kan digiri 4, kuma da ya haura digiri 10 sai ya fara kamewa. Kawo irin wannan kaya daga Legas zuwa Gombe, tafiyar da ta haura kilomita 1,000, a cikin busasshiyar ƙanƙara, sannan a riƙe shi a daskare a inda wuta ke zuwa tana tafiya, wani kuɗi ne dabam da wani tashin hankali dabam, kuma ba mu shiga ciki ba. Wanda aikinsa yake a kan wannan nau'in ƙwaya ya sani cewa farantin kaɗai ba zai ishe shi ba.

Batun wuta ma ya kamata a faɗe shi a sarari. Gwajin da zai kwana goma a inkubeta yana buƙatar wutar da ba ta yankewa har kwana goma. Sai da muka haɗa inkubetar da batura da hasken rana kafin muka fara samun sakamakon da za a dogara da shi. A watan Afrilu kuma, lokacin da zafin gari ke kai wa digiri 40, matsalar takan juye, domin inkubeta ta iya ɗumamawa amma ba ta iya sanyayawa, kuma idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, zafin ciki sai ya haura 37.

Akwai kuma yadda za a karanta sakamako. Gwajin MTT da Mosmann ya fito da shi a 1983, wanda kusan duk ɗakunan gwajinmu suka saba da shi, inda ƙwayoyi masu rai ke juya launin wani sinadari, bai dace da dunƙule ba sosai, saboda sinadarin ba ya ratsawa ciki daidai. Ga masu aiki da tsirrai akwai ƙarin tarko, domin tataccen da ke da sinadarin tanin mai bauri da yawa, irin na marke, yana iya juya launin sinadarin da kansa ko babu ƙwaya mai rai ko ɗaya, sai a ɗauka ƙwayoyin suna nan lafiya. Kayan awo na zamani da ke fasa dunƙule su auna sinadarin ATP, wanda ke nuna ƙwaya tana raye, ta hanyar haske suna da kyau, amma suna buƙatar na'urar da ba mu da ita. Mun koma ga auna faɗin dunƙule daga hoto, muka haɗa da gwajin asid fosfatas, wani gwajin launi da ke nuna yawan ƙwayoyi masu rai, wanda ake karantawa a kan nanomita 405 da irin na'urar karanta faranti da ke yawancin ɗakunan gwaji.

Tambayar da ta rage ita ce ko akwai hanya mafi araha, kuma akwai. Wani dattijon ma'aikacin ɗakinmu, wanda kowa ke kira Baba, shi ya tuna mana da agaros, wani gari da ke daskarewa bayan an narkar da shi a ruwan zafi ya huce. Ana narkar da shi kashi 1.5 cikin 100, a dafa a tukunyar tiriri domin kashe ƙwayoyin cuta, a zuba maikirolita 50 a kowane gurbin faranti na yau da kullum tun yana da zafi, idan ya huce sai ya daskare da ɗan lanƙwasa a samansa, kuma ƙwayoyi ba sa manne masa. Mun gwada su kafaɗa da kafaɗa. Na agaros ya ba da dunƙule, amma a wasu guraben biyu ko uku suka fito maimakon ɗaya, wasu suka zauna a gefe inda hoto ba ya fita da kyau, kuma ingancin faranti ya dogara ga saurin hannun wanda ya zuba, domin agaros ba ya jiran mai nawa, a cikin bakin fifet yake daskarewa. Akwai kuma shakkar cewa yana iya tsotse wani abu daga maganin da aka zuba. Duk da haka, domin koyar da ɗalibai, da gano adadin ƙwayoyin da ya dace a zuba, da tace tsirrai da yawa a zagayen farko, ya wadatar ƙwarai, kuma ɗalibin da ya ɓata shi ba ya shiga tashin hankali. Tsarin da muke bi yanzu shi ne a yi duk share fage a kan agaros, sai tataccen da ya nuna alama a kai shi farantin saye domin gwajin da za a rubuta a takarda.

Ya kamata kuma kada a ɗora wa dunƙule abin da ba zai iya ɗauka ba. Ba shi da jijiyar jini, ba shi da ƙwayoyin garkuwar jiki, babu hantar da za ta sarrafa magani ko ƙodar da za ta fitar da shi, kuma ƙwayoyinsa sun shafe shekara 50 suna rayuwa a roba. Matakin da ke gaba da shi shi ne oganoyid, wato ɗan ƙaramin kwaikwayon sashen jiki da ake raino a ɗakin gwaji, hanyar da ɗakin binciken Hans Clevers a Utrecht ta ƙasar Holan ya buɗe a 2009 da ƙwayoyin hanji, wadda daga baya aka faɗaɗa ta har ana rainon ƙarin da aka ciro daga jikin majinyaci a gwada masa magunguna. Amurka ma a Disambar 2022 ta sauya dokarta ta yadda gwaji a kan dabbobi ya daina zama tilas kafin a shiga gwajin mutane, idan akwai wata hanya da ta gamsar. Da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe da na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, samun ƙari daga ɗakin tiyata bisa izinin majinyaci da kwamitin ɗa'a abu ne mai yiwuwa wata rana, amma wannan aiki yana buƙatar Matrigel da sinadaran girma masu tsada, kuma wannan faranti ba domin shi aka yi shi ba.

Game da dillalin, ya kawo abin da muka nema, amma sai da muka buɗe katan muka ga ashe saura 'yan watanni wa'adin wasu farantan ya ƙare, kuma leda biyu sun huje a hanya, wanda ke nufin ba za a iya amincewa da tsabtarsu ba. Ba a iya saka irin wannan roba a tukunyar tiriri, don haka waɗannan biyun sai muka mayar da su na koyon sauya ruwa. Ya amsa ƙorafinmu da ladabi, amma bai maye gurbinsu ba. A odar da muka sake bayarwa mun nemi ya turo hoton lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi kafin mu biya, mun ce kowane faranti ya zo da ledarsa da murfinsa, kuma a saka ƙaramin katan ɗin a cikin wani babba mai kauri kafin a miƙa wa direba.